Na je binciken asalin gida, na tono nawa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labari, domin akwai wurin da ni kaina ban fito da kyau a cikinsa ba. Abin da ya sa na daure shi ne, makon jiya wata ƙanwata a wurin aiki ta nuna mini hoton gida a wayarta tana murna, wai ta samu araha a bayan gari. Ina ganin hoton gabana ya faɗi. Na san irin gidan, na san irin murnar.

A kwatas na tashi, a Kaduna. Mahaifinmu ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati, aka ba shi ciki biyu da falo a cikin jerin gidaje masu fasali ɗaya, fenti ɗaya, kowace ƙofa da lambarta a goshi. Umma ta shuka gwaba a bayan kicin, mu kuma muna auna tsayinmu da gawayi a jikin bango. Ban taɓa sanin gidan ba namu ba ne sai a 1996, ina 'yar shekara goma sha uku, da Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ko sadakar arba'in ba a yi ba takarda ta iso, an ba mu wata uku mu tashi. Dattawan layin suka je suka roƙa, suka ce matar tana takaba, ina za ta? Aka ɗaga mana ƙafa. Ranar da Umma ta fita takaba, washegari da safe akori-kura ta tsaya a ƙofa. Muna loda kaya, matar wanda aka ba gidan tana tsaye a falo tana auna taga da igiya saboda labule. Ba ta yi da mugunta ba, har ta yi mana gaisuwa. Amma igiyar nan ban manta ta ba har yau.

Muka koma gidan Baffa a Tudun Wada, mu shida a ɗaki ɗaya. A ɗakin nan na yi wa kaina alkawarin da ban faɗa wa kowa ba: in Allah ya ba ni iko, ni da rufin hukuma har abada.

Sauran ba abin ja da tsawo ba ne. Na yi karatun jinya, na yi aure, a 2014 na samu aiki a wani asibiti a Ingila, bayan shekara guda maigida da yara suka biyo ni. Muka zauna a Leeds, a unguwar Harehills, inda ba ka rasa naman halal da masallaci da mai sayar da manja. Gidan haya uku muka zauna cikin shekara bakwai. Na biyun, mai gida ne ya aiko da takardar tashi cikin wata biyu, wadda a lokacin doka ba ta ce sai ya faɗi dalili ba. Da na buɗe ambulan sai na ji ni 'yar shekara goma sha uku. Na shiga banɗaki na kulle, na buɗe famfo don kada yara su ji kukana.

Daga ranar muka shiga tari kamar mahaukata. Ina yin dare huɗu a mako, in ƙara da na biyar in an nema. Maigida yana tuƙin tasi har asuba. Muka shiga adashi da wasu 'yan gida, na sayar da gwal ɗin aurena, shi ya sayar da filinsa na Rigasa. Da yake ba ma son ruwa, bankin Musulunci muka nufa, irin tsarin da ku da banki kuke haɗa hannu ku sayi gida, kana biyan haya a kan kason banki kana kuma sayensa kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Sai da muka kwashe makonni muna yi musu bayanin adashi, domin kowane fam sai ka nuna inda ya fito, su kuma ba su gane yadda mutum goma za su riƙa zuba wa mutum ɗaya kuɗi babu takarda ba.

A bazarar 2022 muka ga gidan. Yana gefen birni, irin gidajen nan biyu da ke manne da juna, ɗaki uku a sama, falo mai faɗi, jan bulo a waje tas kamar jiya aka gina. Bayansa fili ne da in a gida ne sai a yanka shi fuloti. Kuɗin kuma ya yi ƙasa da na gidajen da muka saba gani da kusan fam dubu talatin. Dillali ya ce gidan gado ne, tsofaffin sun rasu, 'ya'ya suna so su raba. Muka taya, aka sallama. A daren na kira Umma ta bidiyo.

Ta ce, "Ke 'yar nan, kin tambayi asalin gidan? Su wa ke maƙwabtaka da ku? Ai maƙwabci ake zaɓa tun ba a sayi gida ba."

Na yi dariya na ce, "Umma, nan Ingila ce, komai a rubuce yake." Washegari ta sa aka dafa abinci aka raba sadaka, ta gaya wa duk dangi 'yarta ta yi gida a Turai. Mu kuma, saboda kada mu biya haya biyu, muka ba mai gidanmu sanarwar tashi. Wannan shi ne kuskurenmu mafi tsada. A Ingila, sallamawa ba ciniki ba ce. Har sai ranar da lauyoyin ɓangare biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, kowa na iya janyewa, kuma abin da ka kashe ya tafi kenan.

Wata abokiyar aikina ce, Baturiya haifaffiyar Leeds, ta fara jefa mini ƙwallon. Muna shan shayi da ƙarfe uku na dare na nuna mata hoto na faɗi sunan layin. Ta ce, "A'a, ai tsohuwar unguwar kansul ce, kakata ta zauna can. Gidajen suna da fili." Ita yabo take yi. Ni kuwa shayin ya tsaya mini a wuya.

Ga wanda bai sani ba, gidan kansul shi ne gidan da ƙaramar hukuma ta gina tana ba masu ƙaramin ƙarfi haya da rangwame. Tun bayan yaƙin duniya na ɗaya, da dokar 1919, ƙananan hukumomin Birtaniya suke gina su, bayan yaƙi na biyu kuma suka gina birjik. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar da ta ba ɗan haya 'yancin sayen gidan da yake ciki. A lokacin, wanda ya shekara uku ana rage masa kashi 33 cikin 100, wanda ya daɗe sosai har rabin kuɗin. Kusan gidaje miliyan biyu aka sayar ta wannan hanya a Ingila. Sikotland ta rufe ƙofar a 2016, Wales a 2019. Saboda haka gida zai iya wucewa hannu uku ko huɗu, a sake masa ƙofa da taga da fenti, mai saye na yau bai san daga inda ya taso ba. Duk wannan daga baya na san shi. A daren nan abu ɗaya na ji: kwatas.

Da na tashi aiki ban je gida ba, na tuƙa mota zuwa layin. Abin da ban gani ba ranar farko, yanzu ga shi a fili kamar rana. Duk gidajen tsayinsu ɗaya, rufinsu ɗaya, tagar banɗaki a wuri ɗaya. Kusan rabinsu ƙofarsu iri ɗaya ce sak, launi ɗaya, akwatin wasiƙa ɗaya, waɗannan su ne har yanzu ke hannun hukuma. Sauran kowa ya yi wa nasa kwalliya don ya bambanta, wannan ya ƙara baranda, wancan ya sa zaki na siminti a bakin ƙofa. Ga ciyawa mai faɗi tsakanin titi da gidaje, ga ɗan ɗakin ajiyar kwal a bayan kowane gida. Idanuna ne filin bayan gida ya rufe.

Abokiyar aikin ce ta nuna mini yadda ake tabbatarwa. Hukumar rajistar filaye ta Ingila tana da shafi a intanet, kowa na iya sa adireshi ya sayi takardar rajistar kowane gida, ko ba nasa ba ne. A lokacin fam 3 ne, daga Disambar 2024 ya koma fam 7. Na biya, takarda ta sauko a wayata. Kashi uku ce: bayanin gidan, sunan mai shi, sai sharuɗɗa da basussukan da ke kansa. A cikinta na ga layin da nake tsoro, cewa a 1982 majalisar birni ta miƙa gidan ga wasu mata da miji bisa dokar gidaje ta 1980. Fam uku kacal. Mun riga mun kashe sama da dubu a wurin lauya da banki ban san akwai wannan takarda ba.

Nan ne inda na ce ban fito da kyau ba. Ban yi tunanin bango ba, ban yi tunanin banki ba. Tunanina shi ne matan ƙungiyarmu. Na sha jin yadda ake taɓe baki in an ce wance "gidan kansul take", kamar an ce bara take yi, ni ma na sha taɓewa tare da su. Na ce wa maigida na fasa.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Maman yara, gidan nan shekara arba'in rabonsa da hukuma. Takarda da sunanmu za a yi ta. Ke da kika tashi a kwatas, yau ke ce mai ƙyamar gidan gwamnati?"

Kwana uku ban yi masa magana ba, domin ya taɓa wurin da ke ciwo. Shi yana ganin girman kai ne. Rabi girman kai ne, ban musa ba. Ɗaya rabin kuwa igiyar matar nan ce. Hankalina ya san babu mai zuwa ya auna mini taga, zuciyata ce ta ƙi yarda.

Muka yi sulhu a kan cewa za a ɗauko safiyo ya yi cikakken bincike, irin mai tsada, ba leƙen da banki ke sa a yi don kimanta kuɗi ba. Shi yana so hankalina ya kwanta. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, addu'a nake a samu aibu in samu hanyar gudu.

Aka samu. Safiyon dattijo ne, bai fi minti goma a ƙasa ba ya ɗauko tsani ya hau saman silin da tocila. Da ya sauko ya ƙwanƙwasa bangon waje da yatsa, ya ce mana bulon nan riga ce kawai aka sa wa gidan. A ciki, gidan kankare ne na haɗi, irin wanda ake kira Airey, sunan wani attajirin magini na nan Leeds da ya ƙirƙiro shi. Bayan yaƙin duniya na biyu ana neman gidaje ido rufe, ga ƙarancin bulo da katako da ƙwararrun magina, sai aka riƙa zuba siraran ginshiƙan kankare a masana'anta, da bututun ƙarfe a cikinsu, a kawo a jera, a rufe da allunan kankare. An gina kusan dubu ashirin da shida. Da shekaru suka ja, danshi ya shiga, ƙarfen ciki ya yi tsatsa ya kumbura, kankaren ya fara tsagewa daga ciki inda ido ba ya gani. A 1984 aka yi doka ta ayyana irinsu da wasu ire-irensu a matsayin gidaje masu naƙasa, aka ba waɗanda suka riga suka saya daga hukuma tallafin gyara. Wannan tallafi ya ƙare tuntuni.

Gyaran gaske, in ji shi, shi ne a tokare gidan, a cire ginshiƙan, a gina bango mai ɗaukar nauyi a madadinsu, injiniya ya ba da takardar shaida. Namu ginshiƙan suna nan daram a bayan bulo. Lauyanmu ya nemi takardar, magada suka birkice akwatunan iyayensu ba su samu komai ba, ina kuma kyautata zaton su kansu ba su sani ba, a gidan aka haife su. Ya ƙara mana da cewa bankuna da yawa, ko ka gyara naka, sai sun ga an gyara wanda ke manne da shi. Bankinmu ya janye cikin mako guda. Araha ba ta ado.

Na samu abin da na roƙa, kuma ban taɓa jin ɗacin samun biyan buƙata irin na ranar ba. Fam dubu biyu da 'yan kai suka tafi a kuɗin lauya da bincike da safiyo da banki. Mai gidan hayarmu ya riga ya ba wasu. Muka zuba kaya a ɗakin ajiya na haya, mu biyar muka shige ciki da falo a saman wani shago, yaran suna kwana a katifa a ƙasa. A ƙarshen Satumbar shekarar gwamnatin Liz Truss ta fitar da ƙaramin kasafin nan da ya girgiza kasuwa, bankuna suka janye tayinsu, har na Musuluncin, da suka dawo kuɗin wata ya yi tsalle. Abin da muke iya saye a watan Yuni ya fi ƙarfinmu a watan Nuwamba.

Umma kuma ban gaya mata ba. Duk kiran da za ta yi sai ta ce in zagaya da ita gidan, ni kuma in ce ana gyara. A watan Janairu ta kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Na isa Kaduna an riga an kai ta. A wurin zaman makoki mata suna yi mini gaisuwa suna haɗawa da barka, wai ta rasu tana alfahari da gidana. Na amsa da amin. Yayata ce kaɗai na faɗa wa gaskiya, da dare, a ɗakin nan na Tudun Wada. Ta yi shiru, can ta ce, "Kina tsammanin ba ta gane ba? Cewa ta yi a bar ki, in kin shirya za ki faɗa." Ta kuma gaya mini abin da ban sani ba, cewa Umma har ta tsufa, in ta bi ta wajen kwatas sai ta sa mai Keke Napep ya rage gudu ta leƙa gwabarta. Ta ce shekarun da ta yi a gidan nan su ne mafi daɗin rayuwarta, ruwa a famfo, yara a makaranta, miji yana dawowa ƙarfe huɗu. Ni na riƙe ranar tashi kaɗai. Ita ta riƙe shekara goma sha shida da suka gabace ta.

Da na dawo Ingila, ni da kaina na ce wa maigida mu koma neman gidajen kansul. Bai ce komai ba, sai ya miƙo mini wayarsa, ashe ya daɗe yana ajiye su. Wannan karon kafin mu je ganin gida sai na sayi takardar rajistarsa. Wasu takardun ba sa faɗin komai, musamman in an daɗe da sayarwa, sai lauya ya nemo tsofaffin takardun ciniki, ko kuma ka tsaya ka tambayi tsoho mai yawo da kare a layin, wanda sau da yawa ya fi takarda sani. Na koyi tambayar dillali kai tsaye, kuma a rubuce: da me aka gina bangon? Na koyi duba shekarar da aka saya daga hukuma, domin a lokacin wanda ya sayar kafin shekara biyar sai ya mayar da wani abu daga rangwamen, kafin shekara goma kuma sai ya fara yi wa hukuma tayi. Gidajen bene na hawa-hawa muka kauce musu gaba ɗaya, tun da wata 'yar'uwa ta nuna mini takardar kuɗin gyaran rufi da lifta da hukuma ta aiko mata, domin a irinsu ɗakinka ka saya, ginin yana hannunsu, in sun yi babban aiki kowa sai ya biya kasonsa.

A ƙarshen 2023 muka karɓi makulli. Gida ne na tsakiya a jerin huɗu, ginin shekarun 1930, bulo ciki da waje, safiyon nan dai shi ya hau silin ya sauko yana gyaɗa kai. Ya fi na farko ƙanƙanta, kuɗin wata ya fi nauyi. A takardarsa akwai sharuɗɗan da hukuma ta gindaya tun ranar da ta sayar, suna nan sun bi gidan: ba a buɗe shago a ciki, shingen gefen hagu mu ke gyara shi, siririn lungun da ke tsakaninmu da maƙwabta kuma na mu biyu ne, ba mai ikon toshe shi. Lauya ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya, ban bari ya tsallake ko layi ba.

Matan ƙungiya sun zo walima. Ɗaya ta leƙa ta taga ta ce, "Nan ba unguwar kansul ba ce?" Na ce ita ce, na ƙara mata miya.

Maƙwabciyarmu ta lungu tsohuwa ce mai shekara tamanin da wani abu, har yanzu haya take biyan hukuma. Ta ce a 1981 mijinta ya so su saya, ta hana, wai in kowa ya saya ina jikokinsu za su zauna, suka yi wata guda suna gaba. Yanzu jikarta ɗaya tana kan layin jiran gida shekara da shekaru, da yara biyu a ɗakin haya. Ranar Laraba da dare ɗana ne ke fitar mata da kwandon shara ta lungun, ita kuma ta nuna mini inda rana ta fi daɗewa a bayan gida. Gwaba ba ta yi a ƙasar nan, na tambaya. Tuffa na shuka, bara ta yi 'ya'ya huɗu, tsuntsaye suka cinye uku.